Yadda Ake Rina Jikin Jitar Lantarki Mai Zane da Yi Masa Man Sheƙi a Gida

Duk wanda ya taɓa riƙe guntun katakon mefil (wani farin katako da ake fuskar jita da shi) mai ratsi ya karkata shi a gaban haske ya ga abin mamaki: ratsin da yake duhu yanzu, ka ɗan juya hannu sai ya koma fari, na kusa da shi kuma ya yi duhu, sai ka ce katakon motsi yake yi. Dalili shi ne jijiyoyin irin wannan katako ba a miƙe suke ba, hawa da sauka suke yi kamar igiyar ruwa. Inda jijiya ta ɗago kai, wurin yana shan rini sosai. Inda ta kwanta, kaɗan yake sha. A kan wannan bambanci duk aikinmu ya dogara, don abin da muke so shi ne launi ya shiga cikin katakon ya fito da zanen. Duk abin da zai zauna a samansa ya rufe shi, ba ma bukatarsa.

Zan yi bayani a kan jikin da aka fi samu, wato fuska ta mefil mai zane, baya kuma na jan katakon nan mahogani. Ko zanen na ratsi ne, ko mai kama da gajimare, ko mai ɗigo-ɗigon da ake kira idon tsuntsu, hanyar ɗaya ce. Ka sani tun yanzu cewa aikin hannu bai wuce na mako guda ba, amma akwai jira na kusan wata ɗaya, kuma a wurin jiran nan ne yawancin masu koyo ke ɓata aikinsu.

Kayan aiki

Samfefa lamba 120, 180, 220, 320 da 400 na busasshen goge, sai lamba 800, 1000, 1500 da 2000 irin wadda ake jiƙawa.

Guntun katako mai shafaffen gindi, ko roba mai tauri, da za ka naɗe samfefa a kai. Kada ka goge shimfiɗaɗɗen wuri da yatsu kawai, yatsu kwari suke haƙawa.

Rini, baƙi ɗaya da kuma launin da kake so. Ka nemi rinin katako mai narkewa gaba ɗaya, irin wanda ake kira anilin. Akwai wani da ake sayarwa a gwangwani wanda garin launi ne ke yawo a cikin mai, in ya daɗe a ajiye sai ka ga ya kwanta a ƙasa. Wannan ba namu ba ne, dusashe zanen yake yi. A rinin gaskiya akwai mai narkewa a ruwa da mai narkewa a sifirit. Ga mai koyo na ruwa ya fi, don yana jinkirin bushewa, yana ba ka damar gyara.

Fararen tsummoki na auduga marasa zubar da zare, safar hannu ta roba, salatif na takarda, sabuwar reza, da ƙananan kwalabe na haɗa rini.

Shelak, wato wani man rufe katako mai saurin bushewa, wanda aka cire wa kaki, na gwangwanin feshi in da hali. Fila ta cike ramukan katako, don bayan mahogani.

Man sheƙi. Zan bi hanyar naitiro, wato man sheƙin naitiroselulos, na gwangwanin feshi, gwangwani 3 zuwa 4. Wanda ba shi da wurin feshi, akwai wata hanya a mataki na 7.

Takunkumi mai matatar tururin sinadari. Na takarda da ake sawa don ƙura ba ya hana tururin naitiro shiga huhu ko kaɗan.

Man goge sheƙi irin na fentin mota, mai kaushi da mai laushi, amma wanda babu sinadarin silikon a cikinsa.

Na ƙarshe, kuma kada ka raina shi: ragowar guntun katakon fuskar, don gwaji. In ba ka da shi, ka yi gwajin a cikin ramin da fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) zai zauna, ko wurin da wani ƙarfe zai rufe.

1. Gama duk aikin kafinta tukuna

Ka huda duk ramukan da ake bukata, na gadar tsirkiya, na maɓallan sauti, na madaurin rataya. Ka ɗora wuya a gurbinsa ka tabbata komai ya zauna daidai, sannan ka kwance duka. Huda rami bayan man sheƙi ya bushe yana ɓantare gefen ramin. Ka rufe cikin gurbin wuya da salatif, ka ɗaure sanda mai tsawon kamu biyu a wurin da ƙusoshi masu murɗi. Ita ce mariƙinka, da ita kuma za ka riƙa rataye jikin. Daga nan ka rage taɓa fuskar da hannu tsirara, maiƙon hannu yana hana rini shiga.

2. Goge da samfefa

Kafin ka fara, ka duba kaurin mefil ɗin ta cikin ramin fikof. Akwai fuska mai kauri, milimita 6 ko fiye, akwai kuma siririn ɓawo da aka manna wanda bai kai milimita 1 ba. In naka siriri ne, ka manta da lamba 120 da 180, ka fara daga 220, da hannu, a hankali. Na taɓa cinye irin wannan ɓawo a gefen ƙahon sama (tsinin jikin da ke kusa da wuya) na wata jita ina neman in kawar da wani ɗan tabo da babu mai ganinsa sai ni. Sai ga jan mahogani ya leƙo kamar faɗin farce. Garin neman gira na rasa ido, ƙarshe baƙin launi na zagaya gefen da shi don in ɓoye.

Ka riƙa bin tsawon jijiyar katako, wato daga wuya zuwa gindi. A nan mutane ke ruɗewa, don ratsin zanen a gicciye yake, sai su bi shi. Ratsi daban, jijiya daban. Ka ja layuka da fensir a duk fuskar kafin kowace lamba, in layukan sun ɓace duka to ka gama da ita. Ka tsaya a 220, ko 320 in kana so. In ka wuce haka katakon zai yi santsi ya daina shan rini yadda ya kamata.

In akwai loɓawa da wani abu ya buga, kada ka yi ƙoƙarin goge ta. Ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai ka danna bakin dutsen guga mai zafi na ɗan lokaci, tururi zai kumburo da ita.

Yanzu ka jiƙa tsumma da ruwa, ka matse, ka shafe fuskar duka. Wannan yana yin aiki biyu. Na farko, duk inda akwai ragowar gam zai fito fari fat a tsakiyar jiƙaƙƙen katako, musamman a layin tsakiya inda aka haɗa ɓari biyu. Ka yi wa wurin alama ka kankare shi, don rini ba ya shiga gam. Na biyu, ruwa yana tayar da ƙananan gashin katako. In ya bushe za ka ji fuskar ta yi kaushi, sai ka bi ta da 320 sama-sama, ka kwantar da gashin kawai. Ka maimaita sau biyu. In ka tsallake wannan, rinin ruwa ne zai tayar da gashin, a lokacin da ba ka da damar gogewa.

3. Kare gefe

In jikin yana da farin zobe na roba a gefe, ba matsala, rini ba ya shiga roba sosai, za ka kankare shi da reza daga baya. In kuma kana son gefen mefil ɗin ya zauna da launinsa na asali ya zama kamar zobe, irin yadda kamfanin jita na PRS ke yi, to ka manna salatif a sama da ƙasa ka bar siririn gefen kaɗai a buɗe, ka shafa masa shelak ko naitiro sau 2 ko 3. In ya bushe ka cire salatif. Rinin da ya zubo wurin ba zai kama ba, goge shi kawai za ka yi. Salatif shi kaɗai ba ya tare rini, ta cikin jijiya yake bi ya ɓullo a ƙarƙashinsa. Ka rufe bayan jikin da takarda kafin ka ci gaba.

4. Baƙin rini, sannan a goge shi

Wannan mataki ne ke ba mai koyo tsoro, kuma shi ne ke fito da zanen.

Ka narka baƙin rini a ruwan ɗumi bisa ma'aunin da ke jikin mazubinsa, ka tace da tsumma don kada wani ƙwayar garin ya fashe a kan katako. Rabin kofi ya ishi jita ɗaya har ya yi saura. Ka naɗe tsumma ya zama ɗan dunƙule, ka tsoma, ka matse kaɗan, ka shafe fuskar gaba ɗaya da sauri ba tare da ka bar gefen da ka shafa ya bushe kafin ka haɗa shi da na kusa ba. Za ka ga kyakkyawan katakonka ya koma kamar gindin tukunya. Haka ake so. Ka bar shi ya kwana.

Washegari ka ɗauko 220 a kan guntun katakonka ka fara gogewa. Wuraren da jijiya ta kwanta rinin bai yi nisa ba, su za su fara komawa fari. Wuraren da ta ɗago kai rinin ya nutse, za su riƙe baƙinsu. A gaban idonka ratsi zai riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙa kaɗe ƙura kana dubawa, ka tsaya idan kusan duk fuskar ta yi fari sai ratsin kaɗai. Ka gama da 320.

Inda zan ba ka ra'ayina: baƙi mai ƙarfi yana sa zane ya fito ɓaro-ɓaro har daga nesa, amma yana rage masa wannan motsi da na faɗa a farko, don ratsin da ya sha baƙi ya tsaya a baƙi ko ta ina ka kalle shi. Ni na fi son in sirka baƙin sosai da ruwa, ko in bar shi gaba ɗaya in yi amfani da mai duhu na launin da zan sa. Ruwan ƙasa mai duhu a ƙarƙashin rawaya ko ruwan zuma, shuɗi mai duhu a ƙarƙashin shuɗi mai haske. A kan siririn ɓawo ma dole ka sirka, don ba ka da kaurin da za ka goge baƙi mai nisa. Ka gwada duka biyun a guntun gwajinka ka zaɓa, sai an gwada akan san na ƙwarai.

5. Launi

Ka haɗa launin ya ɗan fi yadda kake so haske. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, ragewa ne wahala. Ka ɗan jiƙa fuskar da danshin tsumma kafin ka fara, hakan na hana shafa ta farko barin layi. Sai ka shafa da dunƙulen tsumma kana zagayawa, ka ƙarasa da bin jijiya.

In kana son gefe ya yi duhu tsakiya ta yi haske, ka fara da mai hasken a duk fuskar. Tun bai bushe ba ka zagaya gefe da mai duhun, faɗin yatsu biyu zuwa uku. Sannan ka ɗauki tsumma na uku mai ruwa zalla ka riƙa murza mahaɗarsu a hankali, kana jan duhun zuwa ciki kaɗan-kaɗan har layin ya ɓace. Ka riƙa ja da baya taku uku kana kallo, don a kusa ba a ganin ɓangaren da ya fi wani faɗi. Irin wannan launi ne ya yi suna a kan jitocin Gibson Les Paul na 1958 zuwa 1960. Jan rinin da aka yi amfani da shi a farkon waɗannan shekaru ba ya jure hasken rana, shi ya sa da yawansu yau sun koma ruwan zuma ko rawaya. Rinin yanzu ya fi juriya, amma ja da shuɗi har gobe ba sa son zama a gaban taga.

Idan rinin ya bushe zai dusashe, ya yi kamar toka ta hau shi. Kada ka ruɗe ka ƙara. Launin da ka gani lokacin da yake jiƙe, shi ne zai dawo a ƙarƙashin man sheƙi. In ya yi duhu da yawa, ka goge da tsumma mai ruwa, zai ɗebe wani abu. Ka tuna kuma naitiro da man shafawar da ke mataki na 7 duk suna ɗan rawaya da shekaru, don haka shuɗi yakan karkata zuwa kore.

Ka bar shi awa 24, sannan ka kankare zoben roba da reza. Ka riƙe ta a tsaye, babban yatsa yana tokare da gefen jikin don kada ta shiga cikin launi.

6. Rufe rinin da cike bayan

Rini a wannan lokaci bai da kariya, ɗigon gumi ɗaya zai bar tabo. Ka fesa shelak sama-sama kamar raɓa, sau 2, minti 20 zuwa 30 tsakani, sannan sau 2 masu ɗan nauyi. Dalilin farawa da sauƙi shi ne shafa mai nauyi tana iya narkar da rinin ya gudu. In buroshi kaɗai kake da shi, ka ja sau ɗaya ka wuce, kada ka koma kan jiƙaƙƙen wuri. Kuma kada samfefa ta taɓa fuskar a wannan mataki, rufin bai yi kaurin da zai kare launi ba.

Mefil ba shi da ramuka, amma mahogani da katakon ash suna da su, kuma in ba a cike su ba man sheƙi zai yi ta nutsewa a ciki ko sau nawa ka fesa. Ka rufe fuskar, ka yi wa bayan shelak sau ɗaya, ka cusa fila da tsohon katin roba a gicciyen jijiya, ka kwashe ragowar kafin ta yi tauri. Ta kwana, ka goge da 320. Yawanci sai an yi sau biyu, don tana motsewa in ta bushe. In ba ka samu fila ba, ka bar ramukan a buɗe ka yi wa bayan sheƙi mara ƙyalli, yana da kyansa, hannu ma ya fi jin daɗinsa.

7. Man sheƙi

Naitiro yana kama wuta nan take, tururinsa ma haka. Ka yi feshi a wuri mai iska, babu wuta, babu taba, babu injin da ke tartsatsi, takunkumi a fuska. Akwai wani man sheƙi na mota da ake haɗa ruwa biyu, yana da tauri da kyau, amma gubarsa ta fi ƙarfin takunkumin gida. Ka bar wa masu ɗakin feshi.

Ka zaɓi rana busasshiya, zafi kamar digiri 20 zuwa 25, laimar iska ƙasa da kashi 65 cikin 100. In iska ta cika laima, ruwa yana maƙalewa a cikin man sai ka ga farin hazo ya rufe launi. In ya faru kada ka goge, ka jira rana mai kyau ka fesa wani a kai, yawanci sabon yana narkar da tsohon ya saki ruwan.

Ka tsoma gwangwanin a ruwan ɗumi na minti 10, ba ruwan zafi ba, ka girgiza sosai. Nisa santimita 20 zuwa 25. Ka fara danna kan feshin a waje da jikin, ka wuce a miƙe, ka saki bayan ka fita ɗaya gefen. Kowane layi ya hau rabin na baya. Gefuna da cikin ƙahonni za ka fara, sannan baya, sannan fuska. In ka yi nisa man zai bushe a iska ya sauka kamar yashi. In ka matso da yawa ko ka yi jinkiri, zai dalalo.

Sau 3 a rana, aƙalla awa ɗaya tsakani, har kwana 4. Naitiro yana narkewa cikin na ƙarƙashinsa, don haka ba sai ka goge tsakanin kowace shafa ba. Bayan ta 6, ka bar shi ya kwana ka bi shi da 400 a hankali don rage tudu, amma kada ka kusanci kusurwa. In ya dalalo, ka cire hannunka. Ka bar shi kwana biyu ya yi tauri, ka kankare tudun da reza. In akwai ɗan rami, ka ɗiga man a ciki da tsinke. In ka ga wasu ƙananan ramuka zagayayyu da man ke gudu daga tsakiyarsu, silikon ne ko maiƙo ya taɓa wurin.

Wanda ba shi da wurin feshi ya nemi Tru-Oil, man da aka yi don kotar bindiga wanda masu haɗa jita suka daɗe da ara. Ana shafa shi da tsumma siriri ƙwarai, sau 2 a rana, har sau 15 zuwa 20, ana bi da 800 sama-sama bayan kowace uku ko huɗu. Ba ya kai naitiro ƙyalli da kauri, amma yana shiga zane da kyau. Tsumman da ya sha irin wannan mai in aka dunƙule shi yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a buɗe a waje, ko ka nutsa shi a ruwa.

8. Jira

Ka rataye jikin a wuri mai iska ka manta da shi mako 4. Tru-Oil mako 2 ya isa. A kwana na uku zai yi kamar ya bushe, amma tina, wato ruwan da aka narka man a cikinsa, na nan tana fita daga ciki, man yana ci gaba da motsewa. In ka goge shi yanzu zai yi kyau na mako ɗaya, sannan jijiyar katako ta bayyana ta cikinsa. Ka sa hanci a ramin fikof, in har kana jin warin to da saura. Ko ka danna farce a cikin ramin, in ya bar sawu ka ƙara mako.

9. Daidaitawa da fito da ƙyalli

Ka toshe duk ramukan ƙusa da kakin kyandir. Na koyi wannan ne bayan ruwa ya shiga ramin gada, katakon ya kumbura cikin dare, da safe na tarar da tsaga kamar ƙafar gizo-gizo ta zagaye ramin, bayan na yi wata guda ina jira.

Ka jiƙa samfefa 800 a ruwa mai ɗigon sabulu, ka naɗe a ƙaramar roba, ka goge ɗan wuri kaɗan, ka share, ka duba. Inda ya dusashe ya daidaita. Inda kake ganin ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, kwari ne da samfefa ba ta kai ba. Ka ci gaba har ƙyallin ya ɓace duka. Ka riƙa kallon ruwan da ke fita: muddin fari ne kamar madara, kana cikin man sheƙi. Da ka ga launi a cikinsa ka tsaya nan take, don ka riga ka huda zuwa rini. Gyaransa shi ne ka taɓa wurin da rini a bakin ƙaramin buroshi, ka sake fesawa, ka sake jira. Kusurwoyi ne wurin da man ya fi siranta, don haka kada 800 ta taɓa su sam, ka bar su sai ka kai 1500.

Daga nan 1000, 1500, 2000, kowace tana share sawun ta baya. Ka riƙa sauya ruwa, ƙwayar yashi ɗaya za ta ja maka layi. Sai man goge mai kaushi a tsumma mai laushi, wuri kamar faɗin tafin hannu a lokaci ɗaya, ka murza har ya fara ƙyalli, sannan mai laushin da sabon tsumma. In da inji za ka yi, ka rage gudunsa kuma kada ka tsaya wuri ɗaya, zafi yana narkar da naitiro.

10. Haɗawa

Man sheƙi ya shiga bakin ramuka ya tsuke su. Kafin ka ɗaura kowace ƙusa, ka juya bakin abin huda mai ɗan faɗi da hannu a bakin ramin don cire zoben man, in ba haka ba ƙusar za ta ɗaga shi ya ɓantare. Ka yanke gefen salatif ɗin gurbin wuya da reza kafin ka ja shi. In wuya ya ƙi shiga, ka kankare man da ke bangon gurbin, kada ka tura da ƙarfi. Ƙusoshin kuma ka ɗaure su daidai kawai, kada ka matse har man ya tsage a ƙarƙashin ƙarfe.

Naitiro ba ya shiri da wasu irin roba da leda, suna narkar da shi su manne. In matokarin da kake jingina jitar yana da roba a inda take taɓawa, ka naɗe wurin da tsumman auduga, kuma ka cire madauri mai leda kafin ka mayar da ita cikin akwatinta.